Kafin ka ɗaure kaya zuwa Abuja: lissafin da na yi, da wanda na manta

Ranar da takardar ɗaukar aiki ta shigo wayata, ina zaune ne a ofishinmu na Funtua, wani kamfanin sayen hatsi da auduga inda na shekara uku ina riƙe musu littattafan kuɗi. Albashina a lokacin naira 110,000. Takardar kuwa ta ce 250,000, a wani kamfanin binciken kuɗi da ke Wuse, Abuja. Ban ma kai ƙarshenta ba na fara rabon kuɗin a zuci: ga na mota, ga na aure, ga kujerar Makka ta Inna. Bayan sallar isha'i na sami Baba a zaure na kwashe labari na faɗa masa. Ya saurare ni har na dire, sannan ya ce, "To, Allah ya sa alheri ne. Amma aikin kake bi ko garin?" Na ce aikin mana, Baba. Bai ƙara cewa uffan ba, ya ci gaba da jan carbinsa.

Tun farkon 2023 nake Abuja. Daga lokacin zuwa yau, da wuya wata ya wuce ban sami kiran wani ƙanena ko wani abokin da muka yi bautar ƙasa tare ba, yana cewa an yi masa tayin aiki a Abuja ko Legas, ya tafi ko ya zauna. Ba na ce wa kowa tafi, ba na cewa zauna. Sai dai in ce ya ɗauko biro da takarda mu yi lissafi, domin ni akanta ne amma nawa lissafin rabinsa kawai na yi daidai.

Fara da kuɗin da aka rubuta a takardar, ka sani ba shi ne zai faɗo asusunka ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga hannun ma'aikaci, mai kamfani ya ƙara kashi 10 daga nasa aljihun. Ga harajin albashi da ake zarewa tun kafin kuɗin su iso gare ka. Alat ɗin farko da na gani a Abuja naira dubu 204 ne da 'yan kai, ba 250 ba. Saboda haka kafin ka sa hannu, kira mai kula da harkar ma'aikata ka tambaye shi kai tsaye: bayan an cire komai, nawa ne zai shigo? Ka tambayi ranar da ake biya, da tsawon watannin gwaji kafin a tabbatar da kai, da ko akwai inshorar lafiya. Ba rashin kunya ba ne. Kamfanin da ya ji haushin waɗannan tambayoyin ya riga ya ba ka amsar da ta fi su muhimmanci.

Sai abin da kusan kowa ke tsallakewa, ni ma na tsallake: albashin da gida ke biyanka ba tare da ka sani ba. A Funtua ina kwana a shagon ƙofar gidanmu, ko sisi ba na biya. Da safe koko da ƙosai, da dare tuwon masarar gonar Baba da miyar Inna. Ofis minti bakwai ne a kan babur ɗina, man da na zuba ranar Litinin shi ke kai ni Juma'a. Ƙanena yana wanke mini kaya in ba shi na kati. In zazzaɓi ya kwantar da ni, akwai mai dafa ruwan zafi, akwai mai zuwa kemis. Duk wannan kuɗi ne, sai dai ba ya zuwa da alat. Ka rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowanne farashinsa na can garin da za ka, ba na garinku ba. Da na yi haka daga baya, sai na ga ashe 110,000 ɗina na Funtua ya fi ƙarfin yadda nake raina shi nesa ba kusa ba.

Yanzu mu zo kan haya, don a nan ne mafi yawan mutane ke karyewa. A Abuja shekara guda ake biya a dunƙule, wani mai gidan ma ya ce sai biyu in sabon gini ne. Kuma kuɗin hayar ba shi kaɗai ba ne. Dillali na karɓar nasa, galibi kashi 10 cikin ɗari. Ana karɓar na lauya da ya rubuta yarjejeniya, shi ma kusan haka. Sai kuɗin ajiya da ake cewa za a mayar maka ranar da ka tashi idan ba ka ɓata komai ba. Ɗakin da na kama a Kubwa, ciki ɗaya da banɗaki da ɗan kicin, naira 500,000 aka ce mini. Ranar biya 650,000 na ƙirga. Ban sayi katifa ba, ban sayi fanka ba, ban sayi tukunyar gas ba. Babur ɗina na sayar na cike, abin da har yau nake jin zafinsa.

Kafin wannan ɗakin an kusa yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani dillali ya karɓi kuɗin duba gida, ya kai ni wani ɗaki mai sabon fenti, sai ƙyalli yake, ga araha. Har na fara ciniki. Kawuna da ya raka ni bai kalli ɗakin ba ma, ya zagaya bayan gidan ya kira ni. A jikin katanga, daidai gwiwata, akwai wani layi ruwan ƙasa da ya zagaye ginin kamar an ja da zare. Ya ce, "Ka ga nan? Nan ruwa yake tsayawa da damina." Muka tsallaka wurin wani mai shayi a bakin layin, muka sayi kofi biyu, kawu ya fara jan sa da hira. Kafin mu shanye mun ji cewa mutum uku sun tashi daga ɗakin cikin shekara biyu, rijiyar burtsatsen gidan ta lalace tun bara, kuma mutanen gidan a wurin 'yan garuwa suke sayen ruwa. Tun daga ranar na riƙe wannan: labarin gida wurin mai shayi da mai shago da mai wanki da guga ake jin sa, ba wurin dillali ba.

Ka tambayi wuta da kyau. Tun watan Afrilun 2024 da aka ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin lantarki, unguwar da ke samun wuta sosai tana biya sosai, wadda ba ta samu kuma janareta ko sola za ta ci kuɗinka. Ka ga mitar da idonka: mai kati ce, taka ce kai kaɗai, ko ta tarayya ce da za ku riƙa rigima da maƙwabci mai firiza biyu? Kada ka tura ko kwabo sai ka ga mai gidan ko wakilinsa da aka tabbatar maka, an ba ka rasit da yarjejeniya a rubuce. Sannan a Abuja ana rushe ginin da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma ɗan haya ba ya cikin lissafin kowa ranar da katafila ta iso. In araha ta yi yawa, tambayi dalili.

Araha kuma tana da wani farashin da ba a biya da kuɗi. Maitama da Asokoro da Wuse 2 ba na sabon ma'aikaci ba ne, wannan kowa ya sani. Mu namu su ne Kubwa, Dutse Alhaji, Lugbe, Karu, Nyanya, sai waɗanda suka fita daga babban birnin tarayyar gaba ɗaya: Mararaba da Masaka a jihar Nasarawa, Suleja a jihar Neja. Duk yadda ka ƙara nisa haya na sauka, barcinka na raguwa. Akwai abokin aikina da ke zaune a Masaka. Ana sallame sallar asuba yake tsayawa bakin titi, saboda in ya yi jinkirin minti ashirin cunkoson Mararaba zuwa Nyanya ya haɗiye shi. Yana komawa gida bayan isha'i. 'Yarsa takan yi kwana biyar ba ta gan shi ido biyu ba. A takarda ya fi ni ajiye kuɗi, amma ya bar karatun jarrabawar ICAN, ta zama ƙwararren akanta, da muka fara tare, don ba shi da sa'a ɗaya da zai buɗe littafi.

Shi ya sa shawarar da na fi nacewa a kanta ita ce ka je ka gani kafin ka ajiye aikin da ke hannunka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ɗauki hutun mako guda ko biyu, ka sauka wurin ɗan uwa, amma kada ka yi zaman baƙo. Zuwa Masallacin Ƙasa ranar Juma'a da sayen kilishi a Eriya Wan da ɗaukar hoto a bakin tafkin Jabi ba shi ne ganin Abuja ba. Ranar Litinin ka tashi kamar ka fara aiki. Ka tsaya a tashar unguwar da kake tunanin zama ƙarfe shida da rabi, ka yi kokawar shiga mota da mutane, ka sauka a Baja ko inda hanya ta kai ka, ka ƙarasa ƙofar ofishin, ka duba agogo. Da yamma ƙarfe biyar ka sake yi a komawa, in da hali ranar da aka yi ruwa. Ka ci abincin rana inda ƙananan ma'aikatan wurin ke ci, ka rubuta abin da ka kashe. A tsakiyar birnin ba a barin acaɓa, saboda haka dabarar garinku ta tsayar da ɗan acaɓa ka ce ya yi sauri ba ta aiki a nan.

Ka kuma koyi shiga mota tun a wannan makon. Akwai ɓarayin da ake kira 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a ƙaramar mota kamar ta haya, sauran da ke ciki duk nasu ne, sai an yi nisa su ƙwace waya su tilasta wa mutum ya tura abin da ke asusunsa. A tasha ake shiga mota, ba a gefen titi da dare ba, ko da kuwa za ka ƙara minti talatin kana jira. 'Yan uwa mata, wannan ya fi shafarku, haka ma maganar haya: akwai masu gidan da ba sa son ba mace marar aure ɗaki, don haka ki fara neman wurin zama da wuri, kuma in kin sami na kusa da ofis ko da ya fi tsada, ki haɗa da wata amintacciya ku raba.

Maganar sauka wurin ɗan uwa kuma, ka yanka wa kanka rana tun kafin a yanka maka. Na yi mako bakwai a falon kawuna a Dutse Alhaji. Mutumin kirki ne, matarsa ma haka, amma ɗaki biyu ne da yara huɗu. A mako na biyar na fara lura ana rage murya in na shigo. Baƙo raɓa ne. Ranar da ka sauka ka ce, "Kawu, in Allah ya yarda zuwa ƙarshen wata kaza zan kama wuri," kuma ka riƙa shigowa da ɗan burodi, ka cika gas sau ɗaya ba tare da an tambaye ka ba.

Duk wannan lissafin da ka yi, ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ba ka sani ba. Ni na iso a watan Fabrairun 2023, tsakiyar wahalar canjin kuɗi, lokacin da mutum ke da kuɗi a banki amma ba shi da na shiga mota a hannu, masu POS suna yanka yadda suka ga dama. Ina murna an fita daga wannan, sai ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin mai. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Kuɗin motata na wata ya ninka, kwanon abinci ya bi sahu, albashi kuwa yana nan inda yake. Wanda ya zo da lissafin da ba ya da sarari ko na numfashi, irin wannan rana ce ke mayar da shi tasha da jakarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: in ba ka da kuɗin hayar shekara da na cin wata biyu a ajiye, ka roƙi kamfanin ya ɗaga maka ranar farawa, ko ya ba ka rancen haya a riƙa cirewa a albashi. Wasu na yi, sai dai ba sa faɗa sai an tambaya.

Akwai kuma harajin da babu shi a dokar kowace ƙasa, harajin zama "ɗan Abuja". Ranar da ka tafi, a idon dangi ka zama mai kuɗi. Wanda bai taɓa tambayarka ko naira ɗari ba zai kira a kan kuɗin makaranta. Za a turo maka takardun yara a ce ka samo musu aiki a ma'aikatar tarayya, kai da ko mai gadin ma'aikatar ba ka sani ba. Duk wanda ya zo neman biza ko ganin likita ko bin fayil, ɗakinka ne masauki. In ka je Sallah, ba za ka ba da goron da kake bayarwa da ba. Ban ce ka rufe hannu ba. Zumunci ne, kuma da guminsu muka yi karatu. Abin da na koya shi ne ka ware adadi tsayayye kowane wata, na iyaye daban, na sauran buƙatu daban, in ya ƙare ka ce ya ƙare sai wani watan. Kuma ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiyar abin da kake samu da abin da haya ke ci. Da na nuna wa Inna rasit ɗin 650,000, salati ta yi, kuma daga ranar ita ce ke tare mini rabin masu kira.

Mai iyali nasa lissafin ya fi nauyi. Ko ka taho da su ka nemi ɗaki biyu da makarantar yara a farashin Abuja, ko ka bar su gida ka ɗora tukunya biyu, ga kuɗin mota duk bayan mako biyu. Hanyar ma abin dubawa ce. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da ya fara aiki a 2016 ya sauƙaƙa wa mutanenmu, yana tsayawa a Kubwa ya sauke a Rigasa, amma harin da aka kai masa a watan Maris na 2022 ya sa an dakatar da shi watanni, kuma kowa ya san abin da ake fargaba a kan titin. Ka tambayi kanka sau nawa za ka iya wannan zirga-zirga a shekara, kuma in aka kira ka tsakar dare aka ce jikin Baba ya tashi, awa nawa ne tsakaninka da gida.

To, in haka abin yake, me ya zaunar da ni? A nan tambayar Baba take dawowa. A Funtua na iya aikina har na gaji da shi. Littafin da na rufe bana shi zan rufe baɗi, kuma babu wanda ya fi ni sani a ofishin da zan koya a wurinsa. A Wuse, wata shida na farko na duba littattafan kamfanin gine-gine, da na wata ƙungiyar agaji mai karɓar kuɗi daga waje, da na asibiti mai zaman kansa. Shugabata mace ce mai tsanani, takan dawo mini da aiki da jan biro har sau uku, na sha jin haushinta, amma a hannunta na san ashe da can rabin aikin nake yi. Ga darasin ICAN a kusa ranar Asabar da Lahadi. Abin da ya rage mini a ƙarshen wata bai fi na Funtua da wani abin kirki ba a shekarar farko. Abin da ke kaina ne ya canza, kuma shi ne ya sa aka ƙara mini matsayi daga baya.

Saboda haka ka yi wa sabon aikin tambayoyin da ba na kuɗi ba. Wa zai zama shugabanka, kuma me ya iya da ba ka iya ba? Waɗanda suka riƙe kujerar kafin kai, ina suke yanzu: sun hau sama, sun sami wuri mafi kyau, ko sun gudu ne? Nemi ɗaya daga cikinsu ka kira shi, da na gaba ake gane zurfin ruwa. In amsar ita ce aikin da kake yi a gida shi za ka je ka yi a can, sai dai a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, to garin kake bi, kuma garin zai karɓi kuɗinsa.

Ka kuma duba ko Abujar ce ma ta dace da sana'arka. Nan garin ma'aikatun gwamnati ne da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji da 'yan kwangila. Wanda harkarsa saye da sayarwa ce, Kano ta fi masa: Kantin Kwari, Singa, Dawanau, ga haya da abinci da sauƙi, ga harshenka ake yi. Mai son manyan bankuna da kamfanonin sadarwa da harkar tashar jiragen ruwa, Legas ce, in zai iya da cunkosonta. Wanda kuma aikinsa a kwamfuta yake, zane ko rubuta manhaja ko fassara, ya yi tunani sau biyu: kuɗin hayar shekara guda a Kubwa zai kafa masa sola da intanet mai kyau a ɗakinsa na gida.

In ka gama duk wannan, ka yi istihara, ka nemi albarkar iyaye, zuciyarka ta tsaya a kan tafiya, to ka fita ta ƙofa, kada ka haura katanga. Ka ba tsohon wurin aikinka sanarwar da yarjejeniyarku ta ce, ka miƙa komai a rubuce, ka koya wa wanda zai gaje ka. Ni na ƙara mako biyu a kan wa'adina don in rufe musu lissafin kakar auduga, kuma har yau duk Sallah sai na je na gaishe da tsohon maigidana. Ya taɓa ce mini kujerata tana nan in Abuja ta ƙi. Ban koma ba, amma sanin haka ya sa na yi barci a daren da aka ƙara kuɗin mai.

Ka sa wa kanka ranar sake duba lissafi, wata uku kafin hayarka ta ƙare, lokacin da mai gida bai turo takardar ƙari ba tukuna. Ni a bayan littafin da nake rubuta kashe-kashena na rubuta tambaya uku: nawa na ajiye bana, me na iya yanzu da ban iya bara ba, sau nawa na ga iyayena. Shekarar farko amsar ta farko kunya ta ba ni, ta biyu ta cika shafi, ta uku sau huɗu. Bara na tashi daga ɗakin Kubwa na koma wani a cikin unguwar, kusa da babban titi, saboda ya rage mini mota ɗaya da safe. Kafin in biya, sai da na zagaya bayan ginin na duba katanga daidai gwiwa, sannan na tsallaka wurin mai shayi na ce ya haɗa mini kofi ɗaya, kada ya cika sukari.